Yadda Na Ceci Yayata Daga Rafi Ina Riƙe da Sitiyari

Ba zan taɓa mantawa da tafiyar da muka yi ni da 'yata Ummi daga Jos zuwa Kibiya ba, kuma ko na so in manta, matan danginmu ba za su bari ba. Suna za mu. 'Yar Yaya Dije, yayata, ce ta yi haihuwar fari a gidan uwarta, maman Ummi kuma aiki ya riƙe ta, sai aka haɗa ni da yarinya 'yar shekara takwas da jakar kayan barka, aka ce Allah Ya kiyaye hanya.

Kafin mu kai Saminaka wayar da take wasa da ita ta mutu (cajar motar tana gida kan tebur, inda na ajiye ta don kada in manta). Muka ƙirga shanu har ta gaji. Muka karanta rubutun bayan manyan motoci. Na saya mata gasasshiyar masara, ta cinye, ta miƙo min totuwar tare da tambayar da na riga na ji har ta ishe ni: "Abba, mun kusa?" Can sai ta ce, "To yi min tatsuniya."

Ni fa na yi boko har na ƙoshi, amma kakarmu ta sha gaya mana cewa duk wanda ya yi tatsuniya da rana ɓacewa yake yi, ga shi kuma muna shirin shiga dajin Falgore. Ban yarda da camfi ba, sai dai ban ga dalilin gwada shi a tsakiyar daji ba. Na ce, "Ba a tatsuniya da rana, Ummi. Labarin gaske zan ba ki, na lokacin da nake kamar ke a Rurum."

Tsakiyar damina ce. Ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba, kwalta tana fitar da tururi, gajimare sun sauko suna shafar kan duwatsu. Na sauke gilashi, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika motar, sai na ji kamar ba tuƙi nake ba, motar ce ta san hanya. Na fara ba ta labarin rafin bayan gidanmu, da dawar da ta fi mutum tsawo, da yadda ruwan yakan yi ja ya riƙa gurnani bayan an sheƙa sama.

(Bari in faɗi gaskiyar tun yanzu. Ina ɗan shekara tara na zame na faɗa rafin nan garin bin takalmina. Yaya Dije ce ta yar da itacen da ke kanta ta faɗa ta jawo ni, dutse ya tsaga mata ƙwauri. Tabon yana nan har yau.)

Da gaskiyar na fara, wallahi. Amma da na zo daidai wurin faɗawa ruwa sai na kalli Ummi ta madubi. Ta zaro ido, ta saki baki, tana yi min wani kallo da ban taɓa samu a wurinta ba. A gida ai ni ne mutumin da yake kiran maƙwabci in an ga ɓera a kicin. Na ji daɗin kallon nan ƙwarai, kuma ban so ya ƙare ba. Sai kawai na ji bakina ya ce, "Ina juyawa, sai na ga ruwa ya tafi da Gwaggonki Dije."

Daga nan labari ya riƙa tafiya da kansa. Na tuɓe riga. Na yi nutso sau uku. Na saɓo ta a kafaɗa tana kuka tana kiran Inna, mutanen gari suka tsaya a gaɓa suna sa min albarka. Har wata farar balbela na sa ta bi mu a sama. Ummi ta yi barci bayan Tudun Wada tana murmushi, ni kuwa na ci gaba da ƙara wa labarin ado a zuci. Lokacin da muka wuce Rurum, duwatsun Rano suka ɓullo jiƙe suna sheƙi, har na fara jin sanyin ruwan nan a kafaɗata.

Bayan la'asar na shiga cikin gida gaida mata. Tsakar gida a cike, ana kwashe tuwon shinkafa, ana miƙa jaririya daga cinya zuwa cinya. Ummi tana zaune jikin Yaya Dije tana shafa tabon ƙwaurinta. Ina durƙusawa sai na ji muryarta, tar, yadda take karatu a aji:

"Gwaggo, nan ne dutse ya yanke ki ranar da Abbana ya cece ki daga rafi?"

Yaya Dije ta ɗago ta daɗe tana kallona. "Haka ya gaya miki?"

"E. Ya ce kina ta kuka, ya saɓo ki a kafaɗa."

Ta yi ɗan murmushi ta ce, "To, Allah Ya saka masa da alheri." Rufa min asiri za ta yi, baiwar Allah. Amma Inna Kande, ƙanwar mahaifiyarmu, wadda sai an yi mata ihu take jin gaisuwa, wannan kam ta ji shi sarai.

"Wa ya ceci wa? Wannan? Ai da kunne Dije ta jawo shi, ko wando babu! Ni na kife shi ya amayar da ruwa. Sati guda ko randa ya gani sai ya fashe da kuka!"

Gida ya ɗauka. Wata ta rangaɗa guɗa, mai jego tana riƙe ciki tana roƙon a daina ba ta dariya. Duk wannan da sauƙi. Abin da ya soke ni shi ne Ummi ba ta yi dariya ba. Ta zo gabana ta ce a hankali, "Abba, ka ce na gaske ne."

Na ce, "Ƙarya na yi miki, Ummi. Ni ruwa ya ɗauka. Ba don Gwaggonki ba, da babu ni, da babu ke." Ina faɗa sai na tuna cewa shekara talatin ke nan ban taɓa yi wa matar nan godiya ba. Na juya a durƙushen na ce, "Yaya, na gode."

Ta kau da kai tana gyara ɗankwali. "Tashi ka ba ni wuri, kada ka sa ni kuka gaban baƙi."

Washegari muka kamo hanya, Ummi ta haɗe rai har muka wuce Rano. Ko masara ta ƙi karɓa. Sai da muka zo Rurum ta leƙa ta taga ta daɗe, sannan ta ce, "Abba, sake ba ni labarin rafin. Mai balbelar."

"Ai ba gaskiya ba ne."

"Na sani. Ka fara da gatanan gatananku."

"Da rana tsaka? Za mu ɓace fa."

"Kai dai fara. Ni zan riƙa duba hanya."

Na fara, ta ce ta zo mu ji ta, kuma muka isa Jos lafiya lau. Tun daga ranar, in zan yi jarunta a gaban yaro, sai na sa mata gatanan gatananku a gaba, ko da azahar ce. Wanda ya ɓace a Falgore ana iya nemo shi. Ni da na ɓace a tsakar gidan Yaya Dije, har yau in na shiga sai wata ta ɗaga murya ta ce a rufe randa, ga mai ceto ya iso.