Delbert da Cikadin Cikin Duhuwa

"Ni fa, ko ina barci cikadi ya yi tari, sai in gaya muku na arewa ne ko na kudu, har da sunan kakansa!"

Delbert Kreider ke nan, sarkin cika baki na ƙungiyar masu kallon tsuntsaye ta garinmu, nan Pennsylvania. Ka dai san cikadi: ɗan mitsitsin tsuntsu, baƙar hula, farin kumatu. Na arewa da na kudu kuwa kamar an tsaga kara, ga shi a dajinmu suka haɗa iyaka. Abin da kowa ya riƙe shi ne waƙa: na arewa fito biyu, na kudu huɗu.

Ranar Asabar ɗin nan za a zaɓi jagoran ƙungiya bayan an dawo yawon daji, kuma Marlene Hostetter ta fito takara da shi. Gogan naka kuwa ya ƙwallafa rai, har ya riga ya sa an ɗinka masa JAGORA a goshin hula. Riga malam masallaci ke nan.

Ana shiga daji, ƙanƙara na ƙuruƙus a ƙarƙashin takalma, sai ga cikadi a kan reshe. Ya yi fito biyu.

"Na arewa!" in ji Delbert. "Ko jariri ya san wannan."

Bai rufe baki ba tsuntsun ya gyara tsayuwa ya rangaɗa huɗu.

Marlene ta ce, "Ikon Allah! Delbert, ya sake ƙabila ne?"

"Baƙo ne mai ladabi, yana gaida 'yan gari da harshensu. Ai a fiffike ake ganewa, na arewa ya fi fari. Ku matsa ku ga aiki."

Ya zuba 'ya'yan furen rana a tafin hannu, ya ƙame kamar gunki. Tsuntsun ya sauko kuwa, amma cikin sanyin nan hucin bakin Delbert ya rufe gilashin tabaransa ruf. Kafin ya goge, baƙo ya cafe abinsa ya yi gaba.

Tsoho Orval mai sanda ya ce, "To, me fiffike ya ce?"

"Haske ne bai yi ba."

Kada ka ce dabara ta ƙare wa mutumin. Tun da sassafe ya zo ya ɓoye 'yar sifika a cikin wata duhuwa, ya haɗa ta da wayarsa da ke cike da kukan tsuntsaye. Da suka iso wurin sai ya ɗaga hannu.

"Shiru! Jikina na ba ni akwai wani a nan."

Ya zura ɗaya hannun cikin aljihu, da ƙatuwar safar hannunsa, ya danna. Maimakon fiton da ya shirya, sai duhuwa ta ce cika-di-di-di. Ba wannan ya haddace ba. Amma ina, bakin bai san birki ba.

"Kun ji kaurin muryar nan? Na arewa ne tsantsa! In ba shi ba ne, ku aske mini gashin baki."

Sai duhuwa ta amsa da muryar wani namiji, mai bayanin da ke cikin wayar, a natse: "Wannan shi ne kiran cikadin kudu. Na gaba, agwagwar ruwa."

Kwak! Kwak! Kwak!

Wayyo dariya! Orval har da sakin sanda. Delbert ya shiga danne-danne, gumi na keto masa cikin wannan uban sanyi, duhuwa kuwa ta wuce kan mujiya.

Marlene ta share hawaye ta ce, "Haba Delbert! Amsa tana aljihunka, amma ka faɗi?"

Da aka koma aka zauna ana shan gahawa, aka kaɗa ƙuri'a. Marlene ta zo ta ɗaya. Duhuwa ta zo ta biyu, har da ƙuri'ar matar Delbert.