Jadawalin Maganin Surukina

Ƙarfe goma da kwata na safiyar wata Talata ne, kuma ko nawa zan tsufa ba zan manta ba. Mu biyar ne a bakin gadon asibiti a Malumfashi: likita, da ni, da matata Ladi, da surukata, sai surukina a kwance, idonsa rawaya kamar gwaiduwar ƙwai.

Bari in bi abin daki-daki. A lokacin, farkon shekarun tamanin, ni malamin awo ne a kasuwar auduga ta Funtuwa. Aji bakwai na gama, amma a gidan surukaina can wajen Dayi ni ne mai boko, kuma ban taɓa musawa ba. Da zazzaɓi ya kayar da Baba, wato surukina, bayan yankan dawa, ni aka aiko wa. Na hau babur da ɗokina, na biya kemis uku (a ganina shago ɗaya ya yi wa surukin mutum kaɗan), na sayo ƙwaya kala uku: ta zazzaɓi, ta ciwon kai, da ta ciwon jiki.

Na samu takarda da rula na ja layi. Kowacce biyu-biyu, sau uku a rana, na jera su yadda wata ba za ta shiga lokacin wata ba. Kwana huɗu ina can, agogo a hannu. Baba ko kunu ba ya iya sha, amma magani bai taɓa makara da minti ɗaya ba. Da ya ce, "Malam, cikin nan fa ya ƙi," sai na ce, "Baba, doka ce." (Surukina na faɗa wa haka, da bakina.)

Rana ta biyar sai amai, yana dafe ƙasan haƙarƙarin dama. Ta shida ido ya canza, dasashi yana jini, yana kiran surukata da sunan ƙanwarsa da ta daɗe da rasuwa. Nan aka nemo mota.

To, Talatar nan likita ya tambaya me aka ba shi a gida. Ladi ta buɗe baki, na ɗaga mata hannu. Wallahi daɗi nake ji, ranar nuna aikina ta zo. Na gyara hula, na zaro takardata da kwalayen, na miƙa da hannu biyu ina jiran yabo.

Ya duba, ya jujjuya kwalayen.

"Malam, wa ya rubuta wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Ba a tsallake ko ɗaya ba."

"Na gani. Da an tsallake da ya fi." Ya ɗora yatsa a kan ƙaramin rubutun da ke ƙasan kowane suna. "Karanta mana."

Na karanta da ƙarfi. Farasitamol. Na biyu, farasitamol. Na uku ma, farasitamol. Ashe magani ɗaya ne ya sa riga uku.

A gaban kowa ya yi bayani. Hanta ce ke tace abin da mutum ya haɗiya, an yi mata lodin da ya fi ƙarfinta, ga ciki ba abinci, har namanta ya fara mutuwa. Dattin da ta kasa tacewa ne ya hau kai ya ruɗa shi, jinin dasashin ma daga nan ne. "In abin da ya rage ya farfaɗo, zai tashi," in ji shi. "In bai farfaɗo ba, ba mu da wata hantar da za mu sa masa."

Surukata, wadda shekara tara kunya ba ta bari ta yi mini magana kai tsaye ba, ta kalli bango ta ce, "Ladi, tambayi mijinki, ƙarfe nawa ya rubuta za a yi jana'iza?"

Na so ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi.

Allah ya rufa asiri, bayan mako uku Baba ya sauko daga gado da ƙafarsa. Da na durƙusa gaishe shi, sai ya ce, "Sannu likita. Yau ma biyu-biyu ne, ko an yi mana rangwame?"

Abin da na koya guda ɗaya ne: mai tsari in ya ɓata hanya, ya fi kowa yin nisa. Don Allah mai karatu, in kana da mara lafiya a gida, tattara kwalayen maganinsa duka, ka kai wa malamin asibiti ya duba maka su kafin ka ba shi na gaba.