Ni, Ledar Ƙunshi da Ƙwaryar Nonon Dangin Ango

Na faɗa cikin ƙwaryar nonon dangin ango. Ta baya. Kyamara na kunne. Ko na tsufa haƙora sunka zube ba ni mance wannan rana.

Bari ku ji. Malaminmu a makarantar kiwon lafiya ya ba mu asamen: kowa ya ɗauko bidiyon tsohuwa da budurwa suna tsayuwa ƙafa ɗaya gaban ɗaya, ido buɗe, sannan ido rufe, sannan suna taɓa wani abu da yatsa guda. Wai tsofaffi sun fi dogara da ido, kuma ɗan taɓin nan kaɗai yana hana su tangaɗi. Wanda bai turo ba ya faɗi kwas ɗin, kuma ranar ƙarshe ta zo daidai da bikin yayata a Kebbe.

Daga Tambuwal munka sha hanya, munka iso, aka zaunar da ni aka naɗe mini ƙafafu da lalle da leda. Na daɗe zaune kan kujerar tsuguno ina latsa waya, sai na tuna asamen. Na ce kai, ga tsohuwa kyauta a gida!

"Kaka, taso ki shiga fim."

"Fim ɗin mi? Ke ɗiyag ga, boko ya taɓa maki kai."

Da ƙyar ta yarda, Gwaggo ta tsaya bayanta tana tsaro. Ido buɗe, Kaka ƙyam. Tana rufe ido ta fara lilo awa karan dawa. Na ce ta ɗora yatsa bisa bango. Wallahi ta tsaya cak! Na buga ihu, ilimi ya yi aiki! Matan dangin ango, waɗanda sunka kawo nono daga ruga, duk sunka aje ƙwaryar nonon bayana sunka matso kallo.

Nan fa kaina ya fashe. Na miƙa wa Gwaggo waya, na ce, "Yanzu ku ga sabon jini. Mu ba ruwanmu da bango."

Na miƙe (ban lura ƙafafuna sun mutu saboda dogon zama ba, ga leda, ga santsin lalle). Na jera ƙafa, na rufe ido. Jama'a, ban ji ƙasa ba sam! Ba ido, ba tafin ƙafa, ba bango. Na kaɗa hannuwa awa kazar da aka jefo daga kan danga, sai ji kake fantsam.

Nono har cikin kunne. Kaka, yatsanta na bisa bango har yanzu, ta buɗe ido guda:

"To likita, mu rufe ido mu ma, ko kin gama?"

Gidan ya kece da dariya. Uwar ango ta yi dariya har ta zauna ƙasa, ta ce ta yafe nonon, ai ta ga abin da ya fi shi. Gwaggo kuwa ba ta tsai da bidiyon ba.

Ba damar sake ɗauka, haka na tura. Malam ya haska shi gaban aji, ya ce wannan ne kaɗai ya nuna abin da ke faruwa in ƙafa ta daina ji. Na ci kwas, jama'a, na ci! Sunana dai ya koma Kindirmo.

Darasi: ƙuruciya ba ta riƙe kowa in ƙafa ta yi barci. Tsofaffinku kuwa, ku haska masu hanyar bayi, ku bar masu abin dafawa. Don Allah ku tura wa duk mai kaka a gida. Labarin kawai, ban da bidiyon.