Yadda Za Ka Ajiye Aiki Da Wuri Don A Zo A Roƙe Ka Ka Dawo

Idan ka gaji da rainin yaran ofis, kana kuma son duniya ta san kai ne ginshiƙin ma'aikatarku, to gyara zama. An gwada wannan hanya a kan mutum mai rai, wani babban jami'i mai kula da kabad ɗin fayil, wanda ake yi wa laƙabi da Sai-Da-Ni. Ka bi sawunsa sau da ƙafa, na yi maka alkawari wayarka za ta yi ƙara, ofis za su neme ka.

Mataki na 1: Kada ka koya wa kowa komai

Shiri tun rani. Wanda ya koya wa na ƙasa aiki, kansa ya haƙa wa rami. Sai-Da-Ni ya yi shekaru yana jera fayil a tsarin da babu shi ko'ina sai cikin kansa. In sabon ma'aikaci ya yi tambaya, sai ya ce masa yaro bai san wuta ba. In ya tafi biki, aiki ya tsaya cak. Akwai wata tsohuwa da ke neman takardar filin marigayi mijinta, ta yi ta zarya har masu gadi suka ware mata gefe a benci. Kada irin wannan ya dame ka. Tsawon layi shi ne ma'aunin girman mutum.

Mataki na 2: Yi fushi a gaban jama'a

Jira ranar da shugaba zai ce a kawo wanda zai taya ka aiki. Tashi tsaye, ka ce in ba a yarda da kai ba, ka ajiye, ko da saura shekaru masu yawa ka isa hutu. Haka Sai-Da-Ni ya yi, yana jiran a riƙe masa hannun riga. Shugaba ya ɗaga kai, ya ce Allah ya sa hutu ne mai albarka, ya sa hannu. Kada gabanka ya faɗi, dabara ce ta manya. In an shirya maka walimar bankwana da saurin da ba a taɓa yin wani aiki da shi a ofishin ba, ɗauka ƙauna ce. In an ba ka agogon bango, karɓa. Za ka sami lokacin kallonsa.

Mataki na 3: Tafi da mabuɗi

Nan asirin yake. Miƙa komai, amma mabuɗin kabad ya kwana a aljihunka. Sai-Da-Ni ya ɗaura nasa a zare, yana shafa shi kamar laya. Lissafinsa shi ne, ba a buɗe kabad sai da mabuɗi, ba a samun mabuɗi sai an durƙusa. Fayilolin bayin Allah da ke ciki kuwa, ai ba su da ƙafa, za su jira.

Mataki na 4: Mayar da gidanka ofis

Gwaninta ba ta son zaman banza. Matar Sai-Da-Ni tela ce, kekenta ke riƙe da rabin gidan. Ya kafa kujera a ƙofar ɗakin ɗinkin, duk wadda ta kawo atamfa sai ta faɗa masa abin da ya kawo ta, wata ma ya ce ta dawo gobe. Ya sake wa zare da maɓallai tsari, ya kulle almakashi a durowa. Mata suka fara kai ɗinki wani wuri. Da tura ta kai bango, matar ta kashe keke, ta dube shi ta ce, "Maigida, su can ofis sun huta, ni aka aiko wa wahalar. Ba ni almakashina." Mace ba ta san darajar tsari ba, yi mata uzuri.

Mataki na 5: Tsare wayarka

Kada caji ya ƙare. Shiga da ita ko'ina, har banɗaki. Duk wanda ya tambaye ka hutu, ce masa ina hutu, mutanen nan ba sa barinka ka runtsa. In makonni suka zama watanni ba ta yi ƙara ba, sa matarka ta kira ka daga ɗaki don ka tabbatar lafiyarta lau.

Mataki na 6: Ranar kira, ja aji

Wayar Sai-Da-Ni ta yi ƙara kuwa. Sabuwar ma'aikaciyar da ta gaji kujerarsa ce, cikin ladabi ta ce ana son ganinsa kan maganar kabad. Sai-Da-Ni ya ce zai duba ko yana da sarari. Kafin ta kashe waya ya sa babbar riga. A hanya ya tsara sharuɗɗansa: ofis mai na'urar sanyi, da neman gafara a gaban kowa.

Ya tarar da benci babu kowa. A bakin ƙofa ya ci karo da tsohuwar nan, ta zo raka wata maƙwabciyarta. Ta gaishe shi har ƙasa, ta ce tun makon da ya tafi ta karɓi takardarta, kullum tana sa masa albarka saboda tafiyar.

Kabad na nan a lungu, ƙofa a wangame, an jera tsintsiya da bokiti a ciki. Kafinta ne ya ɓalle kwaɗon washegarin walima. Sai-Da-Ni ya fito da mabuɗi yana lilo a zare. Yarinyar ta dubi mabuɗin, ta miƙo masa wata leda.

"Baba, riƙe shi kawai, na tunawa. Butarka da silifas ɗinka muka gani a ƙasan kabad, muka ce kada su ɓata."

A kula

An yi maka alkawarin kira, kuma an kira. Abin da za a faɗa maka a wayar ba ya cikin yarjejeniya. Duk wanda ya bi waɗannan matakai ya tsinci kansa a bakin titi da buta a leda, ko ya koma gida ya tarar mai ɗinki ta sa wa ɗakinta sabon kwaɗo, kada ya nemi marubuci. Ya nemi kafinta.