Madubin Rebecca Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuskar da ban san halin da take ciki ba, ni Rebecca Haggai ta Rikoto, Zuru, ina sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar madubina na hannu, mai jan murfi. Ya cika ranar Talata da hantsi, bayan gajeriyar tafiya daga hannuna zuwa siminti.

Marigayin ya zo gidan nan tare da ni daga Mahuta, cikin kayan aurena. Bai taɓa yi mini ƙarya ba, ko da na roƙe shi. Maganarsa ɗaya ce a duniya: ƙyas in an buɗe shi, ƙyas in an rufe. Lokacin da na bi shawarar ƙawaye na shiga shafa man bilicin, duk matan zumuntar cocinmu cewa suke na yi fes. Shi kaɗai ya nuna mini kumatuna sun ƙone kamar gindin tukunya. Na yi fushi, na kife shi a ƙasan akwati, amma bai riƙe ni a zuciya ba, bai kuma kai zancen waje ba.

Ga yadda ajali ya zo. Maigidana, Saje Haggai, ya aiko cewa ranar Asabar zai dawo daga bakin daga. Fuskar da ya bari ba ita zai tarar ba, kuma gaskiya tsoro nake ji. Na daina shafa man, na kira Khairat 'yar maƙwabta, wadda ta koyo aikin allurar fuska a Kaduna. Ba irin ta asibiti ba ce, babu ruwan magani a ciki. Wasu allurai ne sirara kamar gashi, ana kakkafa su a goshi da kumatu, wai su tada jini fata ta gyara kanta. Khairat ta gaya mini ba aikin rana ɗaya ba ne. Na ce ta kafa dai, Asabar ba za ta jira ni ba.

Ina kwance a tabarma a baranda, fuska kamar bayan bushiya, marigayin yana hannuna yana bakin aikinsa, sai surukata ta shigo. Mama tsohuwa ce mai tsagar gado a kumatu, irin ta mutanenmu na da, kuma ta daɗe tana mita cewa 'ya'yan yanzu sun bar fuska fili kamar ba su da dangi. Da ta ga ƙarfe a kumatuna, ta ɗauka tsaga ake yi mini. Daɗi ya kashe ta, ta sunkuyo ta rangaɗa guɗa a kunnena. Na zabura. Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce tas.

Har yau ba wanda ya iya gaya wa Mama gaskiya. Ta riga ta aika ƙauye a nemo akuyar bikin tsaga.

Ya rasu ya bar mataji mai giɓi, da hoda, da tandun kwalli, da wata kwalba da iyali ba sa so a ambaci sunanta.

Tun ranar ban ga fuskata ba. Khairat ta ce an fara samun sauƙi, amma ita ce mai aikin. Matan zumunta sun ce na yi fes, amma haka suka ce wancan karon. Ina kewarsa ƙwarai.

Za a yi jana'iza gobe da yamma a bayan gida, gindin gwanda, a rami mai zurfi saboda ƙafafun yara. Masu zuwa su sa takalmi. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su zo da sabon madubi, kada kuma wani ya miƙo mini waya in duba kaina. Zaman makoki zai ci gaba har Asabar, a tashi idan Saje ya sauke jakarsa a ƙofar gida ya dube ni. Abin da na gani a fuskarsa, shi zan ɗauka.