Rasuwar Hular Kwanon Kalilu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda tsoro ma ya samu wurin zama a cikinta, Hajiya Balkisu, tsohuwar shugabar makarantar firamare da ke zaune a Sabon Garin Jega, na sanar da 'yan uwa, maƙwabta da ɗaukacin 'yan kabu-kabu rasuwar hular kwanon jikanta Kalilu.

Marigayiyar ta cika ne a kan hanyar Maiyama, da hantsi, Kalilu na ɗauke da buhunan albasa daga Aliero. Akuya ta gitta, babur ya zame, kan yaron ya nufi kwalta, ita kuwa ta riga shi isa. Ba ta yi doguwar jinya ba. Ta tsage daga goshi har ƙeya.

Hajiya ce ta zaɓo ta da hannunta. Ta danna soson cikinta ta ji da tauri, ta ja igiyar haɓa har mai shago ya ɓata rai, ta sa Kalilu ya kaɗa kai hagu da dama ta ga ba ta yi rawa ba, sannan ta biya. Marigayiyar baiwar Allah ce mai kawaici. Ta sha rana, ta sha warin albasa, ta sha gorin cewa tana da nauyi. Ba a taɓa jin bakinta ba sai ƙas ɗin nan na safe idan an ɗaure ta, ƙas ɗin da Hajiya ke jira kafin ta iya haɗiye kokonta.

Ta rasu ta bar babur mai karkataccen kai, da Kalilu mai ƙujewar kafaɗa, da matarsa Humaira da goyo a baya, da tsohuwa ɗaya wadda hanyar nan ta riga ta karɓe wa ɗa, uban Kalilu, wanda shi da hular saƙa kawai ya faɗi.

Tun ba a share jinin kafaɗa ba magana ta zagaye tashar babura, wai an cuci tsohuwa: hula mai tsada ta fashe a faɗuwa ɗaya, alhali 'yan arahar da Sagir mai kayan gyara ke ratayewa a ƙofar shago sun sha ƙasa ba adadi, ko tabo babu. Kalilu ya yarda. Ta Sagir ɗin yake so, don tana da faɗi, tana hawa kan hular zannarsa ba tare da ta lotsa ta ba, ya sauka masallaci tsaf.

Hajiya dai ba ta karɓar magana don yawan masu faɗinta. Ta aika aka sayo ta Sagir, ta cusa kankana a ciki, ta ɗaure, ta hau matakalar soro da gwiwoyinta masu ciwo, ta sako ta ƙasa a gaban Kalilu. A yi wa masu jita-jita adalci, sun faɗi gaskiya: hular ta yi tsalle ta mirgina, lafiyarta lau. Kankanar ce sai da Humaira ta kwashe ta da tsintsiya.

"Kaka, ai kaina ba kankana ba ne," in ji Kalilu, yana dariya.

"Gara kankana, angona. Ita in ta fashe ana samun wata a kasuwa."

"Wagga tsohuwa! Kowa da ranarshi."

Ya karkaɗe ta Sagir ya rataye a kan babur. Sabuwar da Hajiya ta sayo masa, ƙanwar marigayiya uwa ɗaya uba ɗaya, tana can kan kabad cikin ledarta, bai ko dube ta ba. Makullin babur na ƙulle a bakin zanen Hajiya, amma ta san ranar kasuwa na zuwa, kuma aron babur a Jega ba ya wuya.

Za a yi jana'iza ranar jajibirin kasuwa bayan La'asar, a ƙofar gida. Za a shimfiɗe gawar a kan tabarma, a buɗe, kowa ya sa yatsa ya taɓa inda soson ya lotse daidai saitin kunne. Ba a buƙatar goro, ba a buƙatar koke-koke. Hajiya na roƙo, don girman Allah, duk wanda Kalilu ke jin kunyarsa, liman ne, surukinsa ne, shugaban 'yan kabu-kabu ne, ya zo da wuri ya zaunar da shi. Ita nata bakin ya ƙare.

Bayan addu'a za a rataye marigayiyar a zaure, inda mai fita ba zai rasa ganinta ba.

Hular ta tsage gida biyu. An ɗauki hoton kan Kalilu a asibiti, babu tsaga ko ɗaya.