Yadda Za Ka Mallaki Tafki Ta Hannun Bature Mai Binciken Addini

Kai da dagaci ya hana ka tafkin kamun kifi a fadamar Haɗeja, matso kusa. Bature mai binciken addinai ya sauka a bariki, kuma da abin da ya rubuta Di'o, Baturen mulki, ke yanke hukunci. Bi matakan nan, tafki naka ne, babu shakka. Buba masunci ya bi su, yau kowa ya san sunansa.

1. Gane ƙishirwarsa

Kar ka ce wa Bature kana salla biyar. Wannan ya ji a Kano har ya gaji. Gwamnati na son a ce mutanen kogi daban suke da na gari, don mulki ya yi sauƙi. Buba ya lura, da aka ambaci masallaci Bature ya yi hamma, da aka ambaci kada ya gyara zama.

2. Samo kaka

Buba ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, kadan da ke tafkin nan kakanmu ne." Tafinta ya ƙara da cewa har mafarki yake aiko musu. Ilimi ba ya tafiya sai da tafinta mai kirki.

3. Nuna ibada

Kowa ya san kafin a shiga su, wato kamun kifi, ana jefa wa kada kayan cikin akuya can gefe, don ya ƙyale ƙafafun mutane. Kai dai kira shi hadaya. Jefa da hannu biyu, ka runtse ido.

4. Lallashi Liman

Liman Abdulwahid ya tare Buba. "Kai, ba kai ka kira sallar asuba yau ba?"

"Allah gafarta Malam, waccan ta Allah ce, wannan ta Bature."

Kai wa Liman tarwaɗa mai maiƙo.

5. Karɓi tafkinka

Hukunci ya fito: tafki na zuriyar Buba ne har abada. Kuma tunda wurin ibada ne, an hana jefa homar kamun kifi a cikinsa, an hana taɓa kada. Yanzu Buba a kasuwa yake sayen kifi, matarsa Saude kuwa takan tashe shi da safe: "Maigida, je ka yi wa kakanka magana, ya sake cinye min akuya."

Ni dai alkawarin tafki na yi maka, ban ce da kifi ba. Duk abin da ya biyo baya, tsakaninka ne da danginka na cikin ruwa.